Nokia: kashe ta aka yi, ko ita ta kashe kanta?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san muna da masana a nan. A ƙarshen 2007, cikin kowace waya goma da aka sayar a duniya, huɗu na Nokia ne. Kamfani ɗaya tak. Shekara shida da haka, a Satumban 2013, sai ga shi ya sanar da sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa gaba ɗaya. Ba yaƙi aka yi ba, ba gobara ba, mutane kuma ba su daina sayen waya ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. To me ya faru? Bayanin da nake ji a majalisa bai gamsar da ni ba.

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Ai abin a fili yake, shigo-shigo ba zurfi aka yi musu. A 2010 aka ɗauko Stephen Elop daga Microsoft aka ba shi shugabancin Nokia. Wata biyar kacal ya yi ya ɗaura musu Windows a wuya. Da darajar kamfanin ta zube, Microsoft ta saye a arha, shi kuma ya koma gidansa na da, da sallamar kusan Yuro miliyan 19. In wannan ba kisan mummuƙe ba ne, mene ne?

Hajiya Rabi: Allah sarki Nokia. Ku yara ba ku san darajarta ba. Lokacin da GSM ya shigo a 2001, layi kaɗai sai mutum ya ba da sama da dubu ashirin, minti ɗaya naira hamsin, wanda ya riƙe 3310 kuwa har kallonsa ake yi a gidan biki. Ta faɗi a siminti, murfi ya yi nan, batir ya yi can, ka tsince ka haɗa ta kama aiki. Da 1100 mai tocila ta zo kuma sai ta zama fitilar gida. Caji ɗaya ta kai ka kusan mako. Mu da wuta ba ta zama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniya Salisu: Hajiya, barka da warhaka. Tunda kin ambaci 1100, wayar da ta cika biliyan ɗaya cikin waɗanda Nokia ta sayar, a 2005, 1100 ce, kuma a Najeriya aka saye ta. Irinta kaɗai an sayar da sama da miliyan 250.

Nura ƙanena, daga wutsiya ka kamo labarin. Kafin a tambayi yadda suka faɗi, a ga yadda suka hau, don amsar tana can.

Nokia ba da waya ta fara ba. Wani injiniya mai suna Fredrik Idestam ne ya kafa masana'antar niƙa itace don yin takarda a Tampere ta ƙasar Finland a 1865, daga baya ya buɗe ta biyu kusa da garin Nokia, inda sunan ya samo asali. A 1967 aka haɗe ta da wani kamfanin roba da wani na kebul. Sun yi takalmin ruwa, sun yi tayar mota, sun yi talabijin, har takardar bayan gida. A farkon shekarun 1990 Tarayyar Sobiyet, babbar mai sayen kayan Finland, ta wargaje, tattalin arzikin ƙasar ya shiga mawuyacin hali, Nokia ma ta kusa durƙushewa. Jorma Ollila ya karɓi shugabanci a 1992, ya yanke shawarar da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ce: a rabu da sauran sana'o'in, a tsaya kan sadarwa.

Ya kuwa dace da lokaci. Ƙasashen Turai sun amince da tsari guda na wayar salula, wato GSM, kuma kiran farko a kan tsarin, ranar 1 ga Yuli 1991, tsohon firayim ministan Finland Harri Holkeri ne ya yi shi da kayan Nokia. Sarkin kasuwa a lokacin Motorola ce ta Amurka, amma tana cin riba a tsohon tsarin analog, sai ta yi jinkirin sakinsa. A 1998 Nokia ta wuce ta. Zuwa 2000, sama da kashi ɗaya cikin biyar na kayan da Finland ke fitarwa waje na Nokia ne.

Abin da nake so a riƙe shi ne, Nokia ta hau ne saboda wani ya ƙi sakin abin da yake ba shi kuɗi. Shekara goma bayan haka ita ma abin da ta yi ke nan.

Nura: Injiniya, tarihi ya yi daɗi, amma bai wanke Elop ba.

Zainab: Yaya Nura, ba a zo wajen ba tukuna. Ni ɓangaren manhaja nake aiki, bari in faɗi abin da ake yawan tsallakewa. Mutane suna cewa Nokia ba ta hango waya mai shafawa ba. Ta hango. Tun 1996 suke da Communicator mai aika imel, a 2004 sun fitar da 7710 mai sikirin na taɓawa, shekara uku kafin iPhone. Kuɗin bincike ma ba su yi ƙwauro ba, a cikin shekara goma sun kashe kimanin dala biliyan 40, kusan ninki huɗu na abin da Apple ta kashe. N95 ta 2007 ta fi iPhone ta farko kyamara nesa ba kusa ba, tana da 3G, iPhone ɗin ba ta da shi.

Ciwon yana cikin Symbian, babbar manhajar da ke tafiyar da manyan wayoyinsu. An gina ta ne don waya mai madannai da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Kuma Nokia tana fitar da wayoyi iri-iri barkatai a shekara, kowane sashe yana ɗan sauya manhajar don ta dace da tasa wayar. Mai rubuta ƙaramar manhaja sai ya yi wa wannan daban, ya yi wa waccan daban, ya bi layin neman izini, ga wahalar rubutun kanta. Apple ta buɗe App Store a Yulin 2008, waya iri ɗaya, hanya ɗaya ta biyan kuɗi. Android ta fito a shekarar, Google yana ba kowane kamfani kyauta. Shagon Nokia, Ovi Store, sai Mayun 2009 ya zo. Kafin nan masu rubuta manhaja sun riga sun kama gabansu.

Su Nokia suna auna waya da ƙarfin jiki, da batir, da kama sabis. Da wannan ma'aunin iPhone ba ta kai ba, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai mai saye ya canza ma'auni, ya koma tambayar me wayar za ta iya ɗauka.

Usaini Mai Gyara: Salamu alaikum manya. Ni ban yi zurfin karatu ba, amma tun ana yayin 3310 nake kan teburin gyara a Farm Centre. Duk wannan magana ta iPhone, a Turai ne. Mu nan a 2008, 2009, mutum nawa ne yake da iPhone a Kano? Wallahi ba ita ta kori Nokia daga kasuwarmu ba. 'Yar Caina mai layi biyu ce.

Ku tuna yadda ake. Kira daga wannan kamfani zuwa wancan ya fi tsada, sabis kuma yau wannan ya ɗauke, gobe wancan. Ɗan kasuwa sai ka gan shi da waya biyu, uku a aljihu. Sai ga waya ta zo tana cin layi biyu, da memori, da bulutut, da rediyo, wata har da talabijin mai eriya, sifika kuwa kamar ta masallaci, kuɗinta bai kai na Nokia mai kala ba. Masu tura karatu da finafinai a memori suka samu kasuwa a kanta. Eh, ba ta da ƙarko, wata shida fanel ya mutu. Amma mutum yana sane yake saye. Yakan ce mini, Usaini, na san ba za ta daɗe ba, amma layukana biyu suna ciki.

Kullum sai an tambaye mu Nokia mai layi biyu. Babu. Har wani ɗan abu muke saka wa mutane a bayan batir, mai cin layi biyu, sai ka kashe waya ka kunna sannan ta koma ɗayan. Sai a 2011 suka kawo X1-01 da C2-00. Sun karɓu, amma Tecno ta riga ta kafa sunanta.

Alhaji Mamman Maraɗi: Malam Usaini ya faɗi gaskiya, Allah shi biya. Mu da muke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina dole mutum ya riƙe layin Nijar da na Najeriya. Kana tsallaka iyaka kana ciro batir kana canza layi, wani lokaci layin ya faɗi cikin mota. Ranar da mai layi biyu ta zo, duk direbobi da 'yan kasuwar hanyar nan suka koma mata. Ba ƙin Nokia aka yi ba, har gobe ana yabon ƙarkonta. Buƙata ce ba ta biya ba.

Injiniya Salisu: Usaini, abin da ka faɗa ya fi rabin abin da ake rubutawa a kan wannan batu nauyi. Ta sama da ta ƙasa aka ci Nokia a lokaci guda. Abin da ya buɗe ƙofar ta ƙasa shi ne wani kamfanin Taiwan, MediaTek, da ya riƙa sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta. Ƙaramar masana'anta a birnin Shenzhen na Caina sai ta saya, ta sa gida da sikirin da batir, waya ta fito cikin 'yan makonni. Ilimin da Nokia ta shekara goma sha tana tarawa ya zama abin saye a kasuwa.

Dalilin jinkirinsu a layi biyu kuma, a ganina, manyan masu sayen kayansu a Turai kamfanonin sadarwa ne, su ke saye da yawa su ba mutane a kan yarjejeniya. Wane kamfanin sadarwa ne zai so wayar da ke da gurbin layin abokin hamayyarsa? Nokia ta saurari wanda ke biyanta da yawa, ba ta saurari direban Alhaji Mamman ba. Transsion, uwar Tecno da itel da Infinix, da aka kafa a 2006, ta zo ta zauna a nan, ta ga layi biyu, ta ga matsalar wuta, ta gyara kyamara don ta fitar da baƙar fata da kyau, ta buɗe wuraren gyara na Carlcare, ta kafa masana'anta a Habasha a 2011. A 2017 ta wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka.

Nura: To na ji. Amma ku amsa mini wannan. A 2010 Nokia ta sayar da manyan wayoyi kusan miliyan 100, ta fi Apple, ta fi Samsung. Suna da tasu sabuwar manhajar, MeeGo, kuma da wayar N9 mai ɗauke da ita ta fito a 2011 kowa ya yaba. Elop ɗin nan ya rubuta wa ma'aikata takarda a Fabrairun 2011 yana kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai da ya kama da wuta a tsakiyar teku, wai sai dai a yi tsalle a faɗa ruwan sanyi. Takardar ta fita duniya ta karanta. Ranar 11 ga watan ya tsaya da Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, a Landan ya ce Windows Phone, manhajar waya ta Microsoft, za su bi. Wane shugaba ne yake tallata wa duniya cewa kayansa sun mutu?

Injiniya Salisu: A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Wannan shi ne kuskure mafi muni a duk labarin, kuma nasa ne. An sanar da barin Symbian a Fabrairu, Lumia ta farko, wato wayarsu mai Windows, ba ta shiga kasuwa ba sai Nuwamba. Kamar mai tuwo ce ta fito ta yi shela cewa tuwon da ke tukunya ya lalace, sabo kuma sai nan da wata tara. Dillalai suka daina ɗauka, kamfanonin sadarwa suka janye, ciniki ya zube da saurin da su kansu ba su zata ba. A farkon 2012 Samsung ta karɓe kambun da Nokia ta riƙe shekara 14.

Inda muka rabu shi ne batun makirci. Hukumar daraktocin Nokia ce ta ɗauko shi, Ollila na shugabantarta, kuma ita ta amince da Windows. Ba za a sauke Olli-Pekka Kallasvuo, shugaban da Elop ya gada, a nemo baƙo ɗan Kanada ba, karon farko da wanda ba ɗan Finland ba ya riƙe kujerar, in da lafiya. Sannan dubi abin da Microsoft ta samu. Ta biya Yuro biliyan 5.44, aka kammala ciniki a Afrilun 2014. A Yulin shekarar ta sanar da sallamar ma'aikata 18,000, kusan 12,500 daga cikin waɗanda ta gada daga Nokia. A Yulin 2015 ta bayyana asarar dala biliyan 7.6 a kan cinikin. Wanda ya shirya makirci ba haka yake ƙarewa ba.

Zainab: Ni abin da ban yafe musu ba shi ne ƙin Android. Suna da suna, suna da masana'antu, suna da dillalai har ƙauyukan Indiya da Najeriya, ga kyamara. A ce an ɗora Android a kan jikin Nokia a 2011, wa zai kalli wata? Lumia tana da kyau a hannu, amma mutum ya saya ya nemi manhajojin da abokansa ke amfani da su ya rasa, ko su zo a makare. Da suka yi Nokia X mai Android a 2014, ciniki ya riga ya faɗa.

Injiniya Salisu: Zainab, mai yiwuwa, amma ba tabbas. Tsoronsu shi ne su zama ɗaya cikin taro, Samsung kuma ita ke ƙera sikirin da memori da kanta. Microsoft tana ba su dala miliyan 250 duk wata uku, Google ba zai bayar ba. Ga kuma taswira: sun sayi kamfanin taswira Navteq a kan dala biliyan 8.1, shiga Android na nufin taswirar Google ce a gaba. Ki dubi waɗanda suka bi Android tun farko. Ina HTC? Motorola ta koma hannun Google, daga nan Lenovo. LG ta daina waya a 2021.

Zainab: Duk da haka sun fi Windows Phone tsawon rai, Injiniya. Kuma babu ɗayansu da ke da abin da Nokia ke da shi a Afirka da Indiya. Ban sauka daga ra'ayina ba.

Bashir: Na taɓa ganin an rubuta cewa ranar da aka sayar, shugaban ya yi kuka ya ce ba su yi laifin komai ba amma sun faɗi.

Dakta Amina: Malam Bashir, wannan maganar yawo kawai take yi a Facebook da taron horar da ma'aikata, ba ta cikin jawabin da aka yi a ranar. Kuma ma'anarta ma ba daidai ba ce, don an yi kurakurai, kuma akwai waɗanda suka gan su tun da wuri.

Wasu malaman jami'a biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun yi hira da manajoji da injiniyoyi da masana 76 a kan abin da ya faru, suka wallafa sakamakon a 2016. Abin da suka gano ya fi tayar mini da hankali fiye da batun Elop. Manyan shugabanni suna tsoron Apple da masu hannun jari, sai su matsa wa na ƙasa lamba, wasu da tsawa da barazana. Manajojin tsakiya kuma suna tsoron manyan, sai su kai rahoto mai daɗi. Injiniyan kamfanin ya san Symbian ba za ta kai ba, ya san ranar da aka sa ba za ta yiwu ba, amma wanda ya faɗi haka ana ganinsa mai kashe gwiwa, wanda ya yi alkawarin ƙarya kuma a ba shi kuɗin aiki. Da yawa daga manyan ba su da zurfin sanin manhaja, don haka ba sa iya gane an rufe su. Labarin gaskiya yana cikin ginin, bai hau bene ba.

Shi ya sa Malam Habibu, in ka ce in zaɓi dalili ɗaya, wannan zan zaɓa. Layi biyun da Malam Usaini ya faɗa ma, ba na shakkar cewa wakilansu na Legas da Delhi sun gani da idonsu.

Malam Habibu: Dakta, Allah ya ƙara basira. Wannan ya shige ni, don na yi aiki a inda ba a gaya wa shugaba sai abin da yake son ji, na kuma ga ƙarshen wurin. To ma'aikatan fa? Ƙasa mai mutum miliyan biyar da 'yan kai, kamfani ɗaya ya riƙe ta haka.

Dakta Amina: Sun ji jiki. Garin Salo, inda masana'antarsu ta ƙarshe ta haɗa waya a Finland take, an rufe ta a 2012, gari ne da kusan kowane gida yake da mai ci daga Nokia. Oulu ma ta girgiza. A Indiya, babbar masana'antarsu ta kusa da Chennai ta tsaya a 2014 saboda rigimar haraji. Abin da zan yaba musu, sun yi wani shiri mai suna Bridge, suna ba waɗanda aka sallama horo da jarin fara sana'a. Wasu daga cikin waɗanda suka yi N9 ma sun kafa nasu kamfanin, Jolla.

Hajiya Rabi: To ni duk kun ruɗa ni. Kuna ta cewa ta mutu, ga shi kuwa ana sayar da Nokia sabuwa a kwali a kasuwa. Wa ke yin ta?

Injiniya Salisu: Hajiya, kamfanin yana nan da ransa, sana'a ya canza. Ya koma kayan da ke kan dogayen ƙarafunan sabis da cikin ɗakunan injuna na kamfanonin sadarwa. Ya sayi Alcatel-Lucent a kan Yuro biliyan 15.6, aka kammala a 2016, yanzu da Ericsson da Huawei yake gogayya a 4G da 5G. Yana kuma karɓar kuɗi daga masu ƙera waya saboda fasahohin da ya yi wa rajista. Wayar da kike gani kuwa, wani kamfanin Finland ne, HMD Global, ya karɓi izinin amfani da sunan tun 2016. Su ne suka dawo da 3310 a 2017.

Nura: Wato dai sunan ne ya rage. Ni har yanzu ina nan a kan cewa da an bar N9 ta yi numfashi da labari ya canza.

Hajiya Rabi: Nura, kai da Injiniya ku ƙarasa wannan. Usaini ɗana, ni Inna nake son saya wa ƙarama, mai manyan lambobi da tocila, don ba ta iya shafe-shafen nan. An ce jabu sun cika kasuwa. Ya zan gane ta gaske?

Usaini Mai Gyara: Sun cika kam Hajiya, musamman 105, kwalin ma sai ka rantse na asali ne. Kafin ki biya, a sa batir a kunna a gabanki. Ki danna *#06#, lambar da ta fito ta zama daidai da ta jikin kwali da ta ƙarƙashin batir. Ki duba rubutun madannai, na jabu yakan karkace ko ya yi kauri, murfin baya kuma ba ya zama daram. In an faɗa miki kuɗin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ki bar ta. Ki karɓi rasit mai lambar wayar a jiki. In kuma Inna tana ƙauyen da sai an kai caji shago, ki haɗa mata da batir na biyu, ki sa a rubuta sunanta a jikinsa don kada a musanya mata a wajen masu caji.